Dattijo da Haki: Abin da “Lafiya Lau” Ke Ɓoyewa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba mu numfashi bai nemi ko dala a hannunmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa masallata da ɗalibanmu na madarasa, a wannan fitowar muna so mu yi magana a kan wani ciwo da ke zaune cikin sahunmu amma ba a cika kiransa ciwo ba. Muna nufin hakin da ke damun dattawa wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Baligi yana shaƙar iska sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kusan sau 20,000 ke nan a kwana guda, kuma bai ma san yana yi ba. Ranar da ya fara lissafa taku kafin ya tsallaka titi, to wani abu ya canza a jikinsa. Amma in ka tambaye shi yaya jiki, abin da za ka ji shi ne “lafiya lau, alhamdu lillahi.” Godiya ga Allah wajibi ce a kowane hali. Matsalar ita ce sau da yawa maganar takan tsaya a nan, ciwon kuma ya ci gaba da aikinsa.

Yadda haki ke ɓuya

Zazzaɓi yakan kwantar da mutum kowa ya gani. Haki ba haka yake zuwa ba, a hankali yake rage wa mutum rayuwarsa. Dattijon da a da yake taka ƙafa daga Gare de Bassam har kasuwar Treichville sai ya koma shiga woro-woro, ya ce rana ce ta yi zafi. Wanda ya saba zuwa Adjamé saro kaya da kansa sai ya fara aika yaro, ya ce ai yaron ya kamata ya koyi sana'a. Hajiya ta daina hawa bene gaida maƙwabta, ta bar shara da wanki, mu kuma mu ce ta samu masu hutar da ita. Mai zuwa jam'i biyar ya koma uku, daga nan Juma'a kawai.

Duk abin da ke sa shi haki ya ajiye shi, don haka hakin ya daina bayyana. In ya ce maka lafiyarsa lau ba ƙarya ya yi ba, domin a kan benci yake zaune, kuma a zaune babu abin da ke damunsa. Ciwon yana nan, mutumin ne ya matsa ya ba shi wuri.

Zamanmu na ci-rani yana ƙara rufe abin. Da yawa daga dattawanmu iyalinsu na Tawa ko Maraɗi ko Kano. Babu matar da za ta ji tarinsu na tsakar dare. In an kira daga gida ba sa son tada hankalin kowa, kuma akwai masu jiran saƙo a ƙarshen wata. Sai mutum ya ce a ransa, in abin ya tsananta na koma gida. Lokacin da ya tsananta kuwa, tafiyar kwanaki a mota ta fi ƙarfinsa.

Abin da mutum ke faɗa game da jikinsa yana da nauyi

Likitoci sun daɗe da gane cewa ganin da mutum ke yi wa lafiyarsa ba abin wasa ba ne. A lardin Manitoba na ƙasar Kanada, masu bincike biyu, Mossey da Shapiro, sun bi diddigin tsofaffi fiye da 3,000 waɗanda aka tambaya yadda suke ganin lafiyarsu. Sakamakon ya fito a 1982. Waɗanda suka ce lafiyarsu ba kyau, haɗarin rasuwarsu a shekarun da suka biyo baya ya kai kusan ninki uku na waɗanda suka ce garau suke, ko bayan an yi la'akari da abin da takardun asibiti suka nuna. A 1997 wasu masana biyu, Idler da Benyamini, suka tattara bincike 27 daga ƙasashe daban-daban, mafi yawansu suka nuna abu ɗaya.

Ajali na hannun Allah, babu mai ja da wannan. Darasin da ke ciki shi ne abin da Bahaushe ya riga ya faɗa: mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Mutum yana jin abin da na'ura ba ta riga ta gani ba. Haki kuwa yana cikin abubuwan da suka fi sa dattijo ya ji a ransa cewa jikinsa ya tafi, domin yana taɓa tafiya da barci da magana da ibada.

To amma wannan sanin ba ya amfani sai an fito da shi. Gaisuwarmu ba a yi ta don a ji gaskiyar jiki ba, an yi ta don zumunci, amsarta kuma a shirye take tun kafin a tambaya. Saboda haka muna bukatar wata tambaya ta biyu bayan gaisuwa, kuma za mu zo kanta.

Tsufa ne, ko ciwo?

Ɗalibai sun san hadisin Usamatu ɗan Sharik da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Annabi (SAW) ya umarci mutane su nemi magani, ya sanar da su cewa kowace cuta Allah ya sanya mata magani in ban da tsufa. Mutane kan riƙe ƙarshen hadisin su manta farkonsa. Da an ga tsoho na haki sai a ce “shekaru ne,” a rufe zancen.

Gaskiya ne ƙarfin huhu yana kai ƙololuwarsa wajen shekara 20 zuwa 25, daga baya ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Ɗan shekara 70 ba zai yi tseren kama gbaka da saurayi ba. Amma tsufa shi kaɗai ba ya sa mutum haki a tafiyar ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ko wajen sa riga, ko a kwance. In hakan na faruwa akwai dalili, kuma yawancin dalilan suna da magani ko abin sassautawa. Ga manyansu:

Gazawar zuciya. A ƙasashenmu na Afirka hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, shi ne kan gaba wajen jawo ta. Zuciya takan gaji, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Alamunta su ne kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai an tara matasai, da farkawa cikin dare ana neman iska, da haki in an sunkuya wanke ƙafa a alwala.

Toshewar hanyoyin iska ta dindindin, wadda likitocin nan ke rubutawa BPCO. Hayaƙin taba da na itace da gawayi da ƙura ne ke kawo ta bayan shekaru. Mai ita yakan yi tari da kaki kowace safiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum fiye da miliyan 3 a 2019, abin da ya sa ta zama ta uku cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya a shekarar.

Asma, mai zuwa da shaƙewa da ƙara kamar fito a ƙirji. Tana iya farawa ko da an manyanta.

Tarin fuka, wato tibi. Tari ya wuce mako biyu, ga rama, ga zufar dare, wani lokaci jini a kaki. Wanda ya taɓa yin sa ya warke ma, tabon da ya bari a huhu kan sa haki daga baya.

Ƙarancin jini, da ƙiba mai yawa, da ciwon ƙoda. A jikin tsoho sau da yawa biyu ko uku ne suke haɗuwa.

Iskar da muke nema abinci a cikinta

Mu da muke zaune gefen tasha ba sai an ba mu labarin hayaƙi ba. Daga asuba har dare motocin Bassam da gbaka da bas-bas na SOTRA suna kunne, babban titin da muka saba kira VGE kuma ba ya hutawa. Mai tebur da mai shayi da ɗan kamasho a bakin salansa suke yini. Mai cukuya yana tsaye kan gawayi, mai garba kan kaskon mai, iyayenmu mata kan murhu a tsakar gidan haya da iska ba ta ratsa shi. Waɗanda suka yi dako a tashar jirgin ruwa sun sha ƙurar siminti da ta buhuna. Da dare a rufe taga a kunna maganin sauro, ko a turara ɗaki. Disamba da Janairu kuma hazon hunturu ya sauko har bakin teku.

Shekara 30 ko 40 a cikin wannan ba ta wucewa haka nan. Shi ya sa za ka ga wanda bai taɓa sa sigari a baki ba yana da huhun mashayi. Wanda yake sha kuwa, sigari ko shisha, barin ta shi ne magani mafi girma, kuma ko an tsufa yana da amfani. Tun 2012 doka ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da motocin haya a nan Kodibuwa. Wanda ya samu hali ya koma girki da gas, ko ya fitar da murhu fili, ya taimaki mai girkin da duk wanda ke gidan.

Ma'aunin da kowa zai iya yi

A shekarun 1950 wani likitan Ingila, Charles Fletcher, wanda ya yi aiki da masu haƙar kwal a yankin Wales, ya tsara wasu tambayoyi don auna haki ba tare da na'ura ba. Har yau asibitocin duniya na amfani da su bayan ɗan gyara. Matakai biyar ne:

0. Ba na haki sai in na yi aiki mai nauyi.
1. Ina haki in na yi sauri, ko in na hau tudu kaɗan.
2. Sa'o'ina suna wuce ni a tafiya saboda haki, ko sai na tsaya na huta ko da a hankali nake tafiya.
3. Sai na tsaya bayan kamar mita 100, ko bayan 'yan mintoci.
4. Haki ya hana ni fita gida, ko yana kama ni wajen sa tufafi da cire su.

Mu a wurinmu ma'aunin a shirye yake, shi ne hanyar gida zuwa masallaci, domin tafiya ce da ake yi kullum kuma tsawonta bai canza ba. Duk wanda ya kai mataki na 2 ya kamata likita ya gan shi. Haka wanda ya ga ya ƙara mataki tsakanin azumin bara da na bana.

Ga tambaya ta biyun da muka ambata. Bayan an gaisa, ɗa ko ɗalibi ya zauna kusa ya ce: “Baba, daga gida zuwa masallaci sau nawa kuke tsayawa?” Ko ya ce: “Inna, wane aiki kuke yi bara wanda bana kuka bari?” Ko: “Matasai nawa kuke sawa in za ku kwanta?” Irin wannan tambaya ba a amsa ta da “lafiya lau.”

Faɗin ciwo bai saɓa wa haƙuri ba

Wasu dattawan suna jin cewa ambaton ciwo kai ƙarar Allah ne. Malamai sun bambance tsakanin mai raki yana fushi da ƙaddara, da mai ba da labarin halinsa don a taimake shi. Imam Buhari ya ware babi a kan halaccin mara lafiya ya faɗi cewa yana jin ciwo. A ciki akwai labarin Nana A'isha (RA) da ta yi kukan ciwon kai a gaban Annabi (SAW), shi ma ya ambaci nasa. Akwai na Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) da ya same shi cikin zazzaɓi mai tsanani, Annabi ya tabbatar masa cewa zafin da yake ji ya kai na mutum biyu. Babu wanda ya kai shi haƙuri, kuma bai ɓoye ba.

Saboda haka a ce alhamdu lillahi, sannan a ƙara da “amma numfashi na ba ni wahala.” A gaban likita kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ina za a dosa?

A fara da asibitin unguwa. A gwada tansiyo, a saurari ƙirji, a duba yawan jini. In da bukata za a tura mutum hoton ƙirji, wanda ake ce wa radiyo, ko awon zuciya, ko na'urar da ake busawa da ƙarfi don auna huhu. Muna da sa'a abubuwan na kusa da mu. CHU ta Treichville na nan, Cibiyar Zuciya ta Abijan na harabarta, kuma akwai cibiyar yaƙi da tarin fuka, wato CAT, a Treichville da Adjamé. Maganin tibi kyauta ne, wata shida ake sha, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi. Inshorar CMU ta shafi duk mazaunin ƙasar. Kuɗinta jikka ɗaya ne, sefa 1,000 a wata ga mutum guda, tana ɗaukar kashi 70 cikin 100 na ayyukan da ke cikin jerinta. Wanda bai yi wa tsohonsa kati ba ya daure ya yi.

A guji sayen ƙwaya a tire ko a Roxy don wani ya ce ta yi masa aiki. Hakin zuciya da na huhu kamarsu ɗaya a ido, maganinsu daban. Wasu ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac suna tara ruwa su ƙara wa zuciya nauyi.

Akwai kuma alamun da ba a jira wayewar gari da su: haki ya zo farat ɗaya, ko da ciwon ƙirji, ko mutum ya kasa ƙarasa jimla, ko leɓe da harshe su canza launi, ko ya rikice, ko ya yi tarin jini. Nan take a kai shi asibiti, ko a kira SAMU a 185.

Wanda ya ce tasa ta ƙare

Akwai wani dattijon da ya sha bamban da na farko. Shi ba ya ɓoyewa, ya riga ya yanke wa kansa hukunci ne. Haki ya taɓa tsorata shi, sai ya zauna. Zaman ya sa naman ƙafafunsa ya saki, naman da ya saki kuma ya fi cin iska, don haka ɗan motsi kaɗan sai haki ya ƙaru, tsoro ya ƙaru. Ya daina fita, abokan hira suka ragu, baƙin ciki ya shigo. Irin wannan mutum yakan ga lafiyarsa ta fi yadda take lalacewa.

Ko ciwon ba mai warkewa ba ne, ana iya warware wannan ƙulli. Bayan likita ya duba ya yarda, a riƙa tafiya kullum gwargwadon iko, ana tsayawa ana hutawa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa. In haki ya taso a zauna a ɗan duƙa gaba, hannuwa bisa gwiwa, a shaƙa ta hanci, a fitar ta baki a hankali kamar mai hura koko. Iskar mafici ko ƙaramar fanka a fuska tana rage jin shaƙewa, an gwada an tabbatar. Maganin shaƙa irin su Ventoline ba ya kama mutum kamar ƙwaya, sai dai a nemi a nuna yadda ake shaƙarsa daidai. Mai ciwon zuciya ya rage gishiri da magi da kanwa. Wasu kan bar maganin da ke sa fitsari don gudun karyewar alwala, musamman ranar Juma'a. Kada a bari, a tambayi likita lokacin da ya fi dacewa a sha.

Sallah da azumi

Addini bai bar mai haki cikin ƙunci ba. Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini (RA), da yake fama da ciwo, ya yi sallah a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa. Ɗalibanmu da suka karanta Ahalari sun san halaye bakwai da ya jero wa sallar farilla, daga tsayuwa babu jingina har zuwa kwanciya a rigingine. Wanda sujada ke toshe masa numfashi ya yi nuni, na sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Ya halatta a zuba wa mutum ruwan alwala, ya halatta ya zauna kan kujera ya wanke ƙafa. Wanda ciwo ya tsare a gida kuma, Buhari ya ruwaito daga Abu Musa (RA) cewa ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana da lafiya.

Tsohon da azumi ya fi ƙarfinsa ya sha, kuma a Risala an so ya ciyar da mudu guda a madadin kowace rana. Game da maganin shaƙa da rana a Ramadan malamai sun saɓa. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun ce ba ya karya azumi, wasu sun ce a rama ranar. Babu wanda ya ce a bar mutum ya shaƙe. A ga likita da malam tun a Sha'aban a tsara yadda za a sha magani.

Namu aikin

Limamai, muna tunatar da juna umarnin Annabi (SAW) na a sassauta in ana jan jama'a, domin a bayanmu akwai tsoho da mara lafiya. Masu kula da masallaci su ajiye kujeru a gefen sahu kusa da taga ko fanka, a rage turaren wuta a rufaffen wuri, a yi kakkaɓar darduma lokacin da dattawa ba sa nan. In an kwana biyu ba a ga wani a gurbinsa ba, a je a duba. Waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya da dattijo, ku ne iyalinsa a nan, abin da kuka ji da dare ku faɗa.

Ku kuma ɗalibai, ku raka kakanninku asibiti, musamman waɗanda Faransanci bai zauna musu ba. Ku rubuta a takarda tun daga gida: yaushe hakin ya fara, mataki na nawa ne, wane magani ake sha, wace sana'a aka yi. In kuna tafiya tare ku bi takunsu, in sun tsaya ku tsaya, kada ku sa su ji kunya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa abin da suke ji ya zama kankarar zunubi, ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu tun suna raye. Amin.